Shekarar da Na Tambayi Asalin Uwarku

Zainabu da Yusufu, ku zauna ku karanta wannan da kyau. In Hausar ta gagare ku, ku kai wa gwaggonku Balkisa ta karanta muku, amma kada ku bari ta ƙara nata. Na gaji da labarin da ake bayarwa a kaina duk ranar Sallah bayan an ci an ƙoshi, wai ni na riƙe auren iyayenku shekara guda saboda ba na son Baturiya a gidana. Ubanku yana faɗa yana dariya, kakarku tana gyaɗa kai, ku kuma kuna kallona kamar wani mugun alƙali. Ba haka aka yi ba. Tambaya ɗaya na yi, irin wadda kowane uba yake yi a Maradi tun kafin a haife ni. Amsar ce ta cinye shekara, kuma mai amsar kakanku ne na wajen uwa, wanda Zainabu kaɗai za ta iya tuna fuskarsa.

A lokacin ina da butik, ɗan kanti, a wani lungu kusa da titin 125 a Harlem, bayan na daɗe ina kasa kaya a tebur a bakin titi. Ina sayar da shadda da atamfa da turare da darduma da man kaɗe. Ubanku Habibu yana gyaran motocin ɗaukar kaya a filin jirgin sama, ya kama ɗaki a unguwar Jamaica ta nan birnin, ba ma ganinsa sai ran Lahadi. Wata Lahadi ya shigo gidanmu na unguwar Morrisania a Bronx da wata doguwar yarinya, ta cire takalminta a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata ta cire. Nas ce, sunanta Ania. Kakarku ta maimaita sunan sau biyu ta mai da shi Aniya, ta zuba mata tuwo, yarinyar ta cinye ta nemi ƙari. Daga nan kakarku ta gama nata binciken. Da suka tafi na kira Habibu a waya na ce ya dawo shi kaɗai.

"Su wane ne iyayenta?" na tambaye shi. "Daga ina suka fito?"

"Baba, 'yan Poland ne."

"Poland ƙasa ce. In aka tambaye ka asalinka, Afirka za ka ce? Wane gari, wane gida, wa ya haifi wa?"

Bai sani ba. Yaro zai haɗa jini da mutane bai san ko sunan kakansu ba! A gida, da sai in tashi wani mai hankali ya je garinsu ya kwana, ya sha fura a kasuwa, ya dawo ya gaya mini ko gidan mutunci ne. A nan wa zan aika? Sai na ce a turo mini ubanta, tunda uwarta ta rasu, kuma na faɗa a gaban kowa cewa ba zan sa rana ba sai na ji asalinta daga bakinsa. Wannan maganar ita ta ɗaure ni.

Ya zo butik da kwalbar kokwamba mai tsami a hannu. Tsoho ne dogo mai ɗan doro, kafinta ne da ya bar aiki, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Sunansa Tadeusz, na ce Malam Tade, ya amsa. Turancinsa a karye, nawa a gurguje, amma muna fahimtar juna. Na ba shi kujerar kwastoma, na zuba masa shayi, na ce ina son in san ƙauyensu da mutanen da suka haife shi. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa, har 'yarsa. Ya ajiye kofi, ya gyara zama, ya faɗi sunan ƙauyen, wanda har yau harshena bai iya juya shi ba, sannan ya ce:

"Da farko, ƙanƙara ce ta rufe ko'ina."

Na ɗauka sanyin shekarar da aka haife shi yake nufi. Ashe ƙanƙarar farkon zamani ce, wadda ya ce ta gangaro daga arewa tana tura duwatsu a gabanta, da ta narke ta bar su warwatse cikin gonaki, har yau garma na karyewa a kansu. Ya kwatanta mini girman dutsen da ke bakin gonarsu, da launinsa, da gefen da gansakuka take fita. Aka kira la'asar na je na dawo, yana nan. Da na rufe butik a ranar, ko mutum ɗaya bai bayyana a ƙauyen ba tukuna.

Daga nan ya mai da zuwa al'ada. Duk mako zai hau tiren, jirgin ƙasa, daga unguwar Brooklyn ya zo ya zauna a kujerar nan. Na san rafinsu mai lanƙwasa, wanda in bazararsu ta zo yakan cika ya shafe makiyaya, har a kai shanu kan tudu. Na san fadamar da suke haƙo baƙar ƙasa su shanya ta bushe su hura wuta da ita kamar itace. Na san itatuwa masu farin ɓawo da ake tsagawa a tari ruwansu a sha, da dajin da ke bayan gari mai duhu ko da rana, inda ɓauna mai gemu take fitowa lokacin sanyi ta ci ciyawar da aka tara wa dawaki. Wata ɗaya muka yi a kan naman kaza kaɗai, ba na tsuntsu ba, laimar kwaɗin da ke tsirowa a daji: wanda ake soyawa, wanda ake busarwa a zare, da wanda ya yi kama da na farko amma in ka ci ba ka kwana. Mata za su shigo neman atamfa su tarar da Bature yana kwaikwayon kukan kwaɗi da kumatunsa, su ce bari su dawo, ba su dawowa. Ran da ya zo kan tsuntsayen da ke sheƙa a kan sandunan lantarki, farare masu jan baki, ya nuna ni da yatsa ya ce wurinmu suke zuwa in sanyi ya kama. Na ce shamuwarmu baƙa ce, kuma da damina take zuwa. Ya ce to ba mu lura da kyau ba ne. Mutumin da bai taɓa taka Afirka ba yana gyara mini shamuwa!

Za ku ce me ya hana in katse shi. Na gwada, ba sau ɗaya ba.

"Malam Tade, mahaifinka fa? Wane irin mutum ne?"

"Za mu zo kansa. Amma ba za ka gane shi ba sai ka san injin niƙa."

Injin niƙan na bakin rafi ne, ruwa ke juya shi, ya ƙone sau biyu, kuma kowace gobara da nata tarihin. A wajenmu ba a cewa dattijo ya taƙaita in yana lissafa kakanninsa, balle ni na roƙe shi. A gida kuma ba mai tausaya mini. In na dawo ina dafe da kai, kakarku ko ɗagowa ba ta yi daga tukunya.

"Kai ka tambaya, Alhaji," shi ne abin da take cewa.

Habibu kuwa kullum waya: "Baba, yaushe?" In ce, "In surukinka ya gama." Ya ɗauka wasa nake masa da hankali. Har fushi ya yi ya daina zuwa cin tuwon Lahadi na wani lokaci.

Ba zan ce duk abin da tsohon ya faɗa iska ba ne. Da ya iso kan mutane, akwai ranakun da na manta da ciniki. Ya ce kakansa ya zauna ƙarƙashin ƙasashe daban-daban bai taɓa matsawa daga ɗakin da aka haife shi ba, iyaka ce take tashi ta tsallake gidan ta dawo. Sojan gabas su zo su kwashe dawaki, na yamma su zo su kwashe shanu, kowa ya ce a yi magana da harshensa. Mata su binne dankali cikin rami a daji, su ɓoye ƙararrawar coci a ƙasan rafi kada a narkar da ita. Akwai Yahudawa masu kanti da ɗinki a bakin hanya, aka zo da motoci aka tafi da su, ba wanda ya dawo, har shi Tade ya girma ana kiran wurin da sunan mai kantin alhali ba komai a wurin sai ciyawa. Ranar bai kwaikwayi kukan komai ba. Ya sha shayinsa ya tafi da wuri.

Ana cikin haka magana ta fara yawo a cikin mutanenmu. Muna da ƙungiya ta 'yan gida, mukan zauna bayan Juma'a, kuma ni nake jagorantar zaman. Liman ya faɗa a sarari cewa addini bai hana namiji auren Kirista mai kamun kai ba, amma ba liman mutane suke saurare ba a irin wannan. Ana cewa jikokin Alhaji Sani, wato ni, a coci za su tashi. Yayana Alhaji Mamman ya kira daga Maradi ya ce in ban iya riƙe ɗana ba in turo masa shi. Wanda ya tsaya mini shi ne Alhaji Idi, abokina tun muna samari, wanda muka yi kwanan ɗaki ɗaya da shi farkon zuwanmu, muna karɓa-karɓar bargo. Shi ma auren bai kwanta masa ba, amma ba ya son a ci mutuncina.

Wata rana Idi yana butik, Tade ya shigo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ce in ka bi hanyar daji ka haye gada, akwai wani ƙauye na mutanen da ake kira Tatar. Wani sarkinsu na da can ne ya ba kakanninsu ƙasa saboda sun yi masa yaƙi a kan doki. Suna da ɗakin ibada na katako mai koren fenti, da jinjirin wata a samansa, ba sa cin alade, kuma kaburburansu suna kan tudu cikin itatuwa da rubutu irin wanda ke jikin wancan, ya nuna allon Ayatul Kursiyyu da ke bangona. Idi ya miƙe tsaye.

"Musulmi? A can? Tun yaushe?"

"Tun kafin a gina cocinmu na yanzu," in ji Tade. "Kakana yana kai musu dankali, su ba shi fata. Wadda ta karɓi haihuwar uwata ma tasu ce."

Idi ya juyo gare ni da Hausa, fuskarsa kamar an yi masa bushara. "Alhaji Sani, ga mafita Allah ya kawo har butik. Ƙauye da ƙauye, gada ɗaya tsakani, a ce ba a taɓa haɗa jini ba? A ce kakar yarinyar tasu ce. Bakin kowa ya mutu."

Ni ma na so ya zama haka ne, don haka na tambayi tsohon kai tsaye ko akwai aure tsakanin gidansu da mutanen nan. Ya yi tunani, ya ƙirga da yatsu, ya ce babu. Idi ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa bayani da Turanci a hankali: ba wanda zai je ya duba, kalma ɗaya ce, ya ce wataƙila, shi ke nan a sa rana, 'yarsa ta huta. Tade ya cire hannun Idi daga kafaɗarsa. Wuyansa ya yi ja.

"Kakata tana kwance a bayan coci, kusa da mijinta," ya ce. "Ni na sassaƙa gicciyen da ke kanta da na girma. Ba zan tono ta in kai ta wata maƙabarta don a yi biki ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Wallahi ranar na ji haushinsa fiye da duk ranakun naman kaza. Mutum ya cika mini kunne wata da watanni da kwaɗi da duwatsu, kalma ɗaya da za ta amfane mu duka ya ce ba ya da ita! Sai da na kai gida na zauna na huce, sannan na ga ai abin da ake tura mutum garin suruki ya gano ke nan, kuma na gano shi ban biya kuɗin mota ba. Gida ne da ba a sayen ƙarya a cikinsa ko da 'yarsu ce za ta ci riba.

Amma Idi bai jira kowa ba. Kafin Juma'a labari ya gama Bronx da Harlem cewa yarinyar jinin Musulmi ce, jikar mayaƙa. Waɗanda suka daina amsa sallamata da kyau suka dawo suna riƙe hannuna. Yaya Mamman ya kira yana hamdala, ya ce dama ya san ba zan ba shi kunya ba. Kakarku ta ce in yi shiru.

"Kai ka faɗa? Ba kai ka faɗa ba. Bar mutane da abin da ya kwantar musu da rai."

Habibu ma haka ya ce, a ɗaura kawai, daga baya kowa zai manta. Da na bi tasu, da auren ya zo da sauƙi. Sai ga uwarku ta shigo butik da kayan aiki a jikinta, ta gaishe ni da 'yar Hausar da ta koya, ta tsaya tana juya makullin mota a hannu.

"Baba, mata suna rungume ni suna cewa na dawo gida. Ban san abin da zan ce musu ba. In na yi shiru, har yaushe zan yi shirun? In na haihu, me zan gaya wa yaran?"

Ku ne yaran. Na ce mata ta tafi aiki, wannan nauyin nawa ne.

Ran Juma'a bayan an natsu na tashi a zaman ƙungiya. Na ce maganar da ke yawo ba gaskiya ba ce. Na ce yarinyar Kirista ce, 'yar Kirista, jikar Kirista, maƙwabtan Musulmi ne ba danginsu ba. Na ce ba wanda ke cikin ɗakin nan da ya binciki asalin surukarsa kamar yadda na binciki na wannan, na san rafinsu, na san dutsen gonarsu, na san inda kakarta take kwance, kuma na yarda ɗana ya aure ta a yadda take. Ban ambaci sunan Idi ba, amma kowa ya san bakin da maganar ta fito. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Na bi shi gida sau da yawa, ya ce a ce ba ya nan. Ya yi don ya rufa mini asiri, ni kuma na tsaya a gaban jama'a na mai da shi maƙaryaci, haka ya ɗauke ta, kuma ban ga yadda zan faɗi gaskiyar ba tare da ta taɓa shi ba. Bai sake taka butik ɗina ba har ya koma gida, can ya rasu. A zama na gaba aka ce shekaruna sun ja, a ba wani jagoranci in huta. Yaya Mamman ya daina ɗaukar wayata, sai da aka haifi Zainabu aka sa mata sunan uwarmu sannan ya sauko. Wannan shi ne abin da auren iyayenku ya ci mini, kuma ba a faɗarsa ranar Sallah.

Tade ya dawo bayan mako biyu, ya zauna kamar ba abin da ya faru. Na ce masa na sa rana, amma har yanzu bai gaya mini komai a kan mahaifinsa ba.

"Mahaifina?" ya ce. "Manomi ne. Yana da amya ta zuma a bayan gida. Ba ya dukan doki. Ya mutu yana yankan ciyawa."

"Shi ke nan?"

"Me kuma kake son ji? Ai ka riga ka san shi."

Na dube shi. Shekara guda!

An ɗaura aure a masallacinmu da mutanen da ba su cika sahu biyu ba. Tade ya zo da tsohuwar kwat, ya zauna a kujera a baya, ya karɓi goro ya ciza ya yamutsa fuska ya haɗiye don kada ya ba ni kunya. Na koma gida ina cewa a raina, alhamdu lillahi, na rabu da ƙauyen nan. Sati bai cika ba na ɗaga kai na gan shi a ƙofar butik. Ya jawo kujera, ya zauna, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa.

"Yanzu naka," ya ce. "Na ba da 'yata ban san inda ta shiga ba. Gaya mini ƙauyenku."

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya taɓa ni. Ni ma ba wanda ya taɓa tambayata, har ubanku. Na zuba mana shayi, na juya allon ƙofa ya nuna an rufe, na gyara murya. Na ce ƙauyenmu yana bakin gulbi, kudu da Maradi, gulbin da yake bushewa da rani har yara su yi wasa a cikinsa, in damina ta faɗi kuma ya kawo ruwa dare ɗaya.

"Yana bushewa?" in ji Tade. "Ƙaf?"

"Ƙaf."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ajiye kofinsa.

"Namu bai taɓa bushewa ba," ya ce. "Bari in gaya maka dalili."